Rahoton Ayyukan Shekara: Neman Tallafin Kamfanoni don Koyar da Kimiyya da Lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, malamai 'yan uwa da sauran mambobi, a babban taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa nauyin nemo hanyar da makarantun sakandare na Babban Birnin Tarayya za su ci gajiyar tallafin da kamfanoni ke bayarwa wajen koyar da kimiyya da lissafi. Wannan rahoto bayani ne a kan inda aka kwana. Lissafin kuɗin shiga da na fita kuwa, ma'aji zai gabatar da shi daban.

Kafin mu kai kokon bara ga kowa, mun ga ya dace mu fara sanin yadda irin wannan tallafi yake tafiya a duniya, kuma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tarihin gasar zaƙulo haziƙan ɗaliban kimiyya ta Amurka. Kamfanin Westinghouse ne ya fara ɗaukar nauyinta a 1942, ya riƙe ta sama da shekara hamsin, sannan Intel ya karɓa a 1998, daga baya shi ma ya janye, kamfanin harhaɗa magunguna na Regeneron ya gaje shi a 2017 da alƙawarin dala miliyan 100 cikin shekara goma. Kamfanoni uku sun ɗauki nauyinta ɗaya bayan ɗaya, amma gasar ba ta mutu ba, domin tun asali ba mallakar kamfani ba ce, wata ƙungiya ce mai zaman kanta take gudanar da ita. Sai dai ba kowace gasa ce ta yi wannan sa'a ba, domin wadda Google ya ƙirƙiro a 2011 kuma yake gudanarwa da kansa, an daina yin ta kafin ta cika shekara goma. Abin da kwamiti ya ɗauka daga nan shi ne, kamfani yana ba da tallafi ne gwargwadon bukatarsa ta ma'aikata da kasuwa da suna, kuma wannan ba laifi ba ne, amma bukatar tana sauyawa, don haka dole ragamar kowane shiri ta kasance a hannun malamai.

A nan gida ma akwai abin dubawa. Kamfanin Promasidor, masu madarar Cowbell, sun fara gasar lissafi ta makarantun sakandare tun 1998, wadda ta koma shirin talabijin na Cowbellpedia a 2015. Kamfanin iskar gas na NLNG ya kafa kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2004, sannan ya ware dala miliyan 12 don gina ɗakunan gwaje-gwaje na injiniyanci a jami'o'i shida, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri. An kuma yi harajin ilimi da kamfanoni suka riƙa biya daga ribarsu, wanda ya faro da kashi 2 cikin ɗari a 1993 ya kai kashi 3 a 2023. Amma ya kamata mambobi su lura cewa tun daga dokar 2011 da ta kafa TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, kuɗin wannan haraji ya koma na jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Makarantar sakandare, inda yaro yake yanke shawarar ko zai bi ajin kimiyya ko zai gudu daga lissafi har abada, ba ta samu kaso a ciki ba.

Ba mu raina gasa ba, domin tana sa yara ƙwazo kuma tana fito da sunan makaranta. Amma a ganin kwamiti, gasa tana amfanar yaran da dama can sun yi fice ne, yawancinsu daga makarantun da ke da malamai da kayan aiki, yayin da yaron Abaji ko Kwali da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba sai ranar jarrabawar WAEC yake nan inda yake. Tallafin da muka ga ya fi yaɗuwa shi ne wanda aka zuba a kan malami. Shirin horar da malamai da Intel ya fara a 2000 ya kai ga malamai sama da miliyan 10 a ƙasashe kusan 70 zuwa 2011, haka nan ExxonMobil ya ba da dala miliyan 125 a 2007 don kafa wani shiri na ƙasa a Amurka wanda horar da malaman lissafi da kimiyya ne ginshiƙinsa. Dattawan cikinmu za su tuna cewa a wajajen 2007 an yi gwajin raba wa ɗalibai ƙananan kwamfutoci a wata sakandare ta Jabi da kuma firamaren Galadima a nan Abuja, abin da ya jawo hankalin duniya a lokacin. Tun daga wancan zamani zuwa yau, tambayoyin da ke biyo bayan kowace kyautar na'ura ba su canza ba: ina wutar da za a yi caji, wa zai gyara idan ta lalace, kuma wa ya koya wa malamin yadda zai koyar da ita?

Da wannan fahimta muka shiga aikin shekara. Wakilanmu sun zagaya makarantu a Gwagwalada da Kuje da Bwari da Kwali da Abaji da cikin birni, kuma abin da suka tarar kusan iri ɗaya ne: a wurare da dama akwai ginin ɗakin gwaje-gwaje, amma sinadarai sun ƙare ko sun lalace, ma'aunai sun karye, babu ruwa a famfo, babu iskar gas ta kunna wuta, kuma babu ma'aikacin da ke kula da ɗakin. Waɗannan ƙananan kaya ne masu ƙarewa, ba a ƙaddamar da su da biki kuma ba a manna musu tambarin kamfani, shi ya sa samun mai ɗaukar nauyinsu ya fi wuya. Mun tattara bayanan a takarda guda, mun aika wa bankuna da kamfanonin sadarwa da na gine-gine da ke da ofisoshi a Abuja. Kaɗan ne suka amsa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin taron bita da muka yi wa malaman kemistiri da fiziks a lokacin dogon hutu, inda aka fi mayar da hankali kan haɗa gwaje-gwaje da kayan da ake samu a kasuwa cikin rahusa. Wani kuma ya yi tayin ba da kwamfutoci ga makarantar da ba ta da wuta, muka roƙe shi ya rage yawansu ya haɗa da sola da horon malamai, kuma har yanzu ana kan tattaunawa.

Mun kuma taimaka wa ɗalibai, musamman 'yan mata, wajen yin rajistar gasar Olamfiyad ta lissafi da kimiyya da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda take shiryawa.

Saboda abin da muka gani, kwamiti yana neman amincewar wannan taro a kan cewa daga yanzu ƙungiya ba za ta sa hannu a kan wata yarjejeniya ba sai an rubuta tsawon lokacinta, da wanda zai ɗauki nauyin gyara bayan kamfani ya tafi, sannan kada a tilasta wa ɗalibai sayen kayan kamfanin ko a karɓi bayanansu ba da izinin iyaye ba. Muna kuma ba da shawarar a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don taron bita ya ci gaba ko da babu mai tallafi a baɗi. Ana roƙon shugabannin sassan kimiyya da ba su kawo jerin kayan da suke bukata ba su miƙa wa sakatare kafin ƙarshen zangon farko, da sa hannun shugaban makaranta, domin da shi za a rubuta wasiƙun zagaye na biyu.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa
Abuja