Wasiƙa Daga Hambag: Farautar Akwatin Ɓoye

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Sanyi ya ja da baya, yanzu sai wajen goma na dare rana ke faɗuwa.

Kin ga hoton da na turo kina tambaya wai me muke lalube a gindin bishiya kamar masu neman gara. To, bari ki sha labari.

Kin san kukan da na daɗe ina yi miki. Yaran nan ba dandali, ba ƙofar gida. A hawa na huɗu muke, daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. Mu da muka tashi da 'yar gala-gala da wasan ɓuya har sai Inna ta fito da tsumagiya, ga namu ko tsakar gida ba su sani ba. Abin yana ci mini rai.

Wata maƙwabciyarmu Bajamushiya ce ta nuna mana wani wasa, jiyokashin suke ce masa. Mutane ke ɓoye 'yan robobi a lambuna da dazuzzuka, su sa alamar wurin a intanet. Ke kuma ki buɗe manhaja a waya, taswira ta ja ki har kusa da wurin, saura taku goma ko sha biyar. Daga nan waya ta gama nata, sai ido da haƙuri. A cikin robar akwai ɗan littafi, ki rubuta suna da kwanan wata, ki mayar yadda kika tarar. In akwai kayan wasa yaro ya ɗauki ɗaya, amma dole ya ajiye wani a madadinsa. Wannan ƙa'idar ta fi komai burge ni.

Baban yara, kin san shi da bin diddigi, shi ya gano mana asalin abin. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula wa farar hula siginar GPS, wato tsarin tauraron ɗan'adam da ke nuna wa waya inda take, sai wani mutum, Dave Ulmer, ya ɓoye bokiti a jihar Origon don ya gwada ko za a iya gano shi. Yau irin waɗannan akwatuna sun haura miliyan 3 a duniya, Jamusawa kuwa kamar don su aka yi.

Ran Asabar muka je Stadtpark, babban lambun da ke da tsohuwar hasumiyar ruwa wadda aka mayar gidan kallon taurari. Mun fi minti ashirin muna zagaye kututture ɗaya. Babban ya zura hannu cikin wani ganye mai ƙaiƙayi, hannu ya yi rudu-rudu, har na ce mu haƙura. Auta ce ta tsuguna, ta ɗaga wani ɓawon itace, sai ga roba kamar ta ajiye yaji. Ihun da ta yi, na rantse har tsuntsaye suka watse. Ta ɗauki ƙaramin kwaɗon roba, ta bar zoben ledar da kika sayo mata a Kurmi. Yanzu haka zobenki na can yana jiran wani ɗan Bature.

Dariya ta kama ni a wurin. Na ce da a gida ne aka tsinci roba a gindin tsamiya da takarda cike da sunayen mutane, kafin la'asar an kira malam ya zo ya karya asiri!

Ba zan ɓoye miki ba, da farko na tsargu. Ga ni da hijabi ina leƙen ƙarƙashin benci, masu wucewa na kallo. Shi ya sa ba na zuwa sai da yaran, kowa ya gan mu ya san wasa ne. In mun dawo kuma sai na duba jikinsu tsaf, don dazuzzukan nan akwai kaska.

Ranar mun yi tafiyar awa uku ba wanda ya ce a goya shi. Suka cinye tuwon semo tas, suka yi barci tun kafin isha. Wayar da ta kulle mini su a ɗaki, yau ita suke riƙewa suna ja na waje.

Ki sa ɗanki ya duba taswirar ko akwai irinsa kusa da ku. In babu, auta ta ce in mun zo hutu ita za ta ɓoye na farko a bayan gidan Inna. Ki fara shirya mata bayani tun yanzu.

A gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki