Makonnin farko na shan maganin damuwa, da abin da ba a gaya wa iyali

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na karanta rahoton da kuka buga kan ciwon damuwa a tsakanin matasa, kuma Allah Ya saka muku da alheri da kuka fito da maganar da gidaje da yawa suke binnewa a ɗaka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar wani uba da kuka kawo, wanda ya ce ya ƙwace maganin asibiti daga hannun ɗansa don ya ji an ce shi ne ke sa yara kashe kansu. Kun kawo maganar, kun wuce ba tare da amsa ba. Akwai ɓurɓushin gaskiya a cikinta, kuma wannan ɓurɓushin ne ya sa take da haɗari. Ni abin ya shigo gidanmu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Autanmu yana da shekara 22 lokacin, yana gyaran waya a Wuse. Yaro mai surutu, mai son ƙwallo. Sannu a hankali ya daina fita. Ya kwanta tun asuba har la'asar, a kai masa tuwo a dawo a tarar ya sandare a kwano. In ka tambaye shi sai ya ce, "Yaya, jikina ne ba ƙwari." Sau biyu muka yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya na taifot. Umma ta ce sammu ne, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi. Amma sai da muka shafe wata huɗu kafin muka kai shi wurin likita, ya ce matsananciyar damuwa ce, ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce mu dawo bayan wata guda. Layin da ke bayanmu ya kai bakin ƙofa, ban ga laifin likitan da ya yi sauri ba. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan.

Kwana goma da fara shan maganin, sai ga auta ya tashi ya yi wanka, ya je aski, ya wanke kayansa ya shanya. Umma ta soya ƙosai ta raba wa almajirai don murna. Ni kuwa ɗakina yana jikin nasa, ina jin takunsa cikin dare, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, ba ya iya zama wuri ɗaya. Sai na ji ya ba abokinsa akwatin kayan gyaransa kyauta, akwatin da ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya je ya biya mai shayi bashin da yake binsa. Da magariba ya durƙusa gaban Umma ya ce ta yafe masa. A daren na shiga ɗakinsa na zauna a bakin katifa, bakina na rawa, na ce, "Auta, kana tunanin kashe kanka ne?" Ya daɗe yana kallon siminti, sannan ya ce, "Yaya, na gaji." Ya fashe da kuka. Ban bar shi shi kaɗai ba har gari ya waye, muka koma asibiti. Aka gyara masa magani, aka ce duk mako mu zo, kuma ni ce zan riƙa ajiye ƙwayoyin ina ba shi da hannuna.

Ni malamar kimiyya ce a sakandare, don haka bayan hankalina ya dawo na shiga neman abin da masana suka gano. Ashe abin da ya same mu sananne ne. A 2004 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta haɗa gwaje-gwaje 24 da aka yi kan yara da matasa kimanin 4,400. Cikin waɗanda aka ba maganin damuwa, kashi 4 cikin ɗari sun yi tunani ko yunƙurin kashe kai; cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi 2. Babu ko ɗaya da ya mutu a gwaje-gwajen. Duk da haka hukumar ta tilasta a buga gargaɗi cikin baƙin akwati a takardar maganin, kuma a 2007 ta faɗaɗa shi ya haɗa da 'yan shekara 18 zuwa 24, wato tsaran autanmu. Nazarin da aka yi kan manya bai nuna ƙarin haɗari ga masu shekara 25 zuwa 64 ba, ga waɗanda suka kai 65 kuwa haɗarin raguwa ya yi.

Gargaɗin bai ce a daina shan magani ba. Cewa ya yi a sa ido sosai a watannin farko da kuma duk lokacin da aka ƙara ko aka rage yawan maganin. Wannan ne rabin maganar da bai kai kunnen wancan uba ba. Maganin yakan ɗauki makonni kafin zuciya ta fara sauƙi, kuma likitoci sun daɗe suna lura cewa ƙarfin jiki yakan riga ta dawowa. Mutumin da jiya ba ya iya ɗaga kai daga matashi, yau yana da kuzari, alhali baƙin cikin yana nan daram. Wasu kuma maganin kan jawo musu rashin natsuwa irin wanda na riƙa ji ta bango. Da an gaya mana haka ranar farko, da ba mu ɗauki wanka da aski a matsayin warkewa ba.

Shi kuwa maganin, yana aiki. A 2018 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 522 kan mutane sama da 116,000, aka ga magunguna 21 da aka duba duk sun fi ƙwayar banza tasiri ga manya, kodayake wasu da ɗan kaɗan ne. Ba kuma kowa ne ke dacewa da na farko ba: a wani babban bincike na Amurka mai suna STAR*D, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko, sauran sai da aka canja ko aka ƙara. To wanda ya sha mako uku bai ga canji ba ya watsar, ya zalunci kansa. Ciwon da aka bari ba magani shi ne babban mai kai mutane ga halaka.

Binciken da ya fi taɓa ni ba ma na ƙwaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi mutane 1,867 da suka taɓa yunƙurin kashe kansu a Brazil, Indiya, Sri Lanka, Iran da Sin. Rabi aka yi musu jinyar da aka saba aka sallame su. Ɗaya rabin aka ƙara musu zama ɗaya na bayani, sannan aka riƙa kiransu a waya ko a ziyarce su har tsawon wata 18. A rukunin farko kashi 2.2 cikin ɗari suka mutu ta hanyar kashe kai, a na biyu kashi 0.2. Kiran waya da leƙe, Malam Edita! Abin da muke kira zumunci ne, aka auna shi da alƙaluma. Haka nan bincike ya nuna tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Ni a daren nan ban san haka ba, tsoro ne ya kusa rufe mini baki.

Za a ce ina likitocin da za su yi wannan bibiya, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Amsar ta fito daga gida. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa a Ibadan sun gwada kula da masu ciwon damuwa a ƙananan asibitocin unguwa, a hannun ma'aikatan lafiya da aka horar, kuma sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna kimanin uku cikin huɗu sun warware cikin shekara guda. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar suna sauraron mutane a kan benci a harabar asibiti, kuma gwaji ya tabbatar da amfaninsa. Mu da muke da ungozoma da malaman Islamiyya da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi a kowace unguwa daga Kubwa zuwa Gwagwa, me muka rasa?

Akwai kuma doka. An yi ƙoƙari da aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma sashe na 231 na kundin Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Uwar da take tsoron 'yan sanda ba za ta kai ɗanta asibiti ba, ɓoye shi za ta yi. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023.

Roƙona shi ne ku sake komawa kan batun, ku nemo likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa iyaye bayani da Hausa: kada a bar matashin da ya fara magani ya yi wata guda ba a gan shi ba, babba a gida ya riƙe ƙwayoyin, a kawar da maganin ƙwari da duk abin cutarwa daga kusa, kada a tsayar da magani farat ɗaya ba da sanin likita ba, kuma in an ga rabon kaya da neman yafiya da zirga-zirgar dare, a tambaya, a koma asibiti a ranar. In kuna da hanyar isa ga wancan uba, don Allah ku kai masa wannan wasiƙa. Autanmu ya sha maganinsa wata tara ƙarƙashin kulawar likita, abokinsa ya mayar masa da akwatin, yanzu haka yana Wuse. Shi ne ya ce in rubuto muku.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Kubwa, Abuja