Ba rai aka gano a ƙurar sararin samaniya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wani kuskure da nake yawan cin karo da shi a labaran kimiyya da ake yaɗawa da Hausa, inda ake cewa masana sun gano rai a cikin ƙurar da aka kwaso daga sararin samaniya. Abin da suka gano sinadarai ne masu ɗauke da kabon, irin waɗanda jikin mai rai ke ginuwa da su, kuma wanda ya ga tubali jibge a fili ba zai ce ya ga gida ba.

Kumbon Stardust na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya ratsa kusa da tauraro mai wutsiya Wild 2 a 2004, ya dawo da ƙurarsa a 2006, amma sai a 2009 aka sanar da samun gilaisin, mafi sauƙin ƙira cikin sinadaran amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, bayan an auna nau'in kabon ɗinsa an tabbatar ba daga doron ƙasa ya gurɓata samfurin ba. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Bennu, wani ƙaton dutse da ke kewaya rana a sararin samaniya, wanda kumbon OSIRIS-REx ya kawo giram 121.6 na ƙurarsa da tsakuwarsa ranar 24 ga Satumba, 2023. An samu 14 daga cikin amino asid 20 da halittu ke haɗa furotin da su, sai dai akwai wani abin lura da ake tsallakewa. Yawancin waɗannan sinadarai suna da siffa biyu, ta hagu da ta dama, kamar tafukan hannu. Halittun duniya kusan na hagu kaɗai suke amfani da su, alhali na Bennu sun zo kusan rabi da rabi, wanda alama ce ta cewa haɗuwar sinadarai ce kawai ta samar da su, ba wata halitta ba.

Dalilin da ya sa ake kashe maƙudan kuɗi a je a ɗebo ƙurar a rufe shi ne, duk abin da ya faɗo da kansa yana cuɗanya da ƙasa da ruwa da hannun jama'a. Mu ma nan mun taɓa ganin irinsa, domin a watan Oktoban 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka gano daga duniyar Mirrihi, wato Mars, ya fito.

Roƙona shi ne, idan irin wannan labari ya sake zuwa teburinka, a rubuta "sinadarai masu kabon" ko "tubalan ginin halitta", ko da kanun labarin zai ɗan yi tsawo.

Naka,
Wani mai karatu daga Funtuwa