Koke zuwa ga Magajin Garin Gunduma ta 18 a Paris kan gonar inabin Montmartre

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu iyaye ne masu jin Hausa mazauna unguwannin Goutte d'Or da Château Rouge, yawancinmu 'yan Nijar, akwai 'yan Najeriya da Kamaru da Gana. Da Hausa muka fara rubutawa saboda tsofaffinmu su san abin da suke sa wa hannu, ta Faransanci na biye.

Maganar a kan Clos Montmartre ce, 'yar gonar inabin nan da ke kwanar rue des Saules da rue Saint-Vincent. Yaranmu idan sun hau tudun Montmartre sai dai su riƙe ƙarfen shinge su leƙa, don ƙofar a rufe take sai ranar da aka shirya ziyara, kuma mun gane dalili, wajen ɗan ƙarami ne, murabba'in mita dubu ɗaya da ɗari biyar da 'yan kai, in aka saki jama'ar da ke zuwa babban cocin Sacré-Cœur a ciki ai kwana ɗaya ya isa a tattake komai. Ba cewa muke a buɗe wa kowa ba.

Amma fa gonar nan tarihin unguwarmu ce gaba ɗaya, ba ta masu zama saman tudu kaɗai ba. Tun ƙarni na 12 mata masu ibada na gidan zuhudun Montmartre ke noman inabi a gangaren nan suna matsewa. Ita kanta Goutte d'Or da muke kwana muke tashi a cikinta, daga wata farar giyar inabi da ake yi a wurin ta samo suna. Da aka haɗe Montmartre da Paris a 1860 sai gine-gine suka dinga cinye gonaki, ga ɓarnar haƙar dutse da aka yi kafin nan, ga giya mai araha da ake kawowa daga wasu yankuna, har kurangar ta ƙare. Shi ma wannan filin saura kaɗan a dasa masa benaye, sai mutanen unguwa da mai zane Francisque Poulbot suka tashi tsaye a 1929 suka mai da shi wajen wasan yara don a hana ginin. A 1933 birnin Paris ya shuka inabi a ciki, a 1934 aka yi bikin girbi na farko, lokacin ma kurangar ba ta isa ba da 'ya'ya ba sai da aka kawo inabi daga wani wuri. To ka gani ranka ya daɗe, da sunan yara aka fara ceto filin nan, shi ya sa ba ma jin nauyin roƙo.

Mun san yadda aikin ke tafiya. Ma'aikatan lambu na birni ne ke kula da kuranga kusan 1,800, akwai gamay akwai pinot noir da wasu iri masu jure cuta, kuma gonar arewa take kallo, rana ba ta wadatar da ita, don haka duk nonon inabin da ya nuna da guminsu ya nuna. In an tsinke sai a kai ɗakin ƙasa na ma'aikatar magajin gari a dandalin Jules Joffrin, a matse, a bari ya tsimu, a zuba a kwalabe, kuɗin da aka samu a yi ayyukan taimakon jama'ar gunduma da shi.

Gaskiya akasarinmu musulmi ne, ba ma sha ba ma sayarwa, kuma da muka zauna akwai dattawan da suka ce ina ruwanmu da gonar giya. Mun daɗe a kan wannan. Abin da ya rinjaya shi ne inabi a jikin kuranga ɗan itace ne kamar mangwaro, kuma da yawanmu 'ya'yan manoma ne, mun taso muna bin iyaye gona, yau ga 'ya'yanmu wasu ba su taɓa tsinkar wani abu daga reshe da hannunsu ba, a leda suka san inabi. Wannan yana ci mana rai wallahi.

Roƙonmu, a ware wa makarantun firamare na Goutte d'Or ranakun shiga gonar aji-aji ba tare da biyan kuɗi ba, kuma kar a tsaya ga bikin watan Oktoba kawai lokacin da cunkoso ya yi yawa, a kai su lokacin sanyi su ga yadda ake datse rassa, a sake kai su in ganye ya fito. Sannan ranar girbi a cire ko kwando biyu ne a matse a gabansu su sha ruwan da ɗanyensa kafin ya tsimu, yaron musulmi da na kirista da wanda iyayensa ba sa bin kowane addini duk su sha tare ba wanda zai koma gefe. Kwando biyu ba zai rage kwalaben da ake sayarwa da wani abin kirki ba.

Rakiyar yara mu za mu ɗauka, iyaye mata da maza sun riga sun ce a sa sunansu. Muna roƙon a ba mu rana mu turo wakilai su zauna da ofishinka da masu kula da gonar kafin a tsara girbi mai zuwa.

Allah ya taya riƙo.

Iyaye masu jin Hausa na Goutte d'Or da Château Rouge