Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin gyaran jikin da ya kwantar da ƙanwata a gadon haske

Assalamu alaikum Hajiya,

Sau biyu ina zuwa ofishinku ana cewa kin fita. Na kira lambar da ke kan rasit, aka ce za a neme ni, yau mako uku ke nan shiru. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ban kama sunan gidanku ba, don ba tozarci ya kawo ni ba.

Saura wata biyu bikin ƙanwata na kawo ta wurinku. Dilka da halawa muka zo yi mata kamar kowace amarya. Tun tana sakandare fuskarta mai maiƙo ce, in zafin Maris ya shigo Kaduna kafin azahar goshinta ya fara ƙyalli, ƙuraje kuma sukan fito mata jefi-jefi a haɓa. Ma'aikaciyarku ta kama haɓarta ta juya dama da hagu, ta ce kun kawo wani gado mai haske daga waje, yana shanye maiƙo ya busar da ƙuraje, shiga shida an gama. Ko tayi ban yi ba na biya.

Makon farko mun ga kamar abin ya yi, fuska ta bushe, har Ummanmu tana sa muku albarka. Bayan shiga ta huɗu yarinya ta dawo gida fuska na mata raɗaɗi, ko ruwan alwala ba ta iya shafawa sai ta cije leɓe. Kafin mako ya zagayo maiƙon ya dawo ya fi na da, ƙuraje suka feso har kumatu da baya, wuraren da ba su taɓa fita ba. Tsofaffin tabon da suka fara dusashewa suka koma baƙi wuluk. Ranar da tela ya kawo kayan kamu, na same ta gaban madubi ta ɗora mayafin a ka, ta ja shi ta rufe fuska, ta ce min, "Yaya, a haka zan zauna har a watse."

Sai da muka je wurin likitan fata na san abin da na biya wa kuɗi. Wannan gado Turawa suka ƙera shi don fatarsu ta yi duhu, hasken UV yake fitarwa, irin wanda ke cikin rana. Yana busar da saman fata na ɗan lokaci, daga baya fatar ta ƙara kauri, ƙofofin gashi su toshe, maiƙo ya taru a ciki. A fata irin tamu kuma duk inda ƙurji ya bar tabo, hasken ƙara masa duhu yake yi. Likitan ya tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce doxycycline da aka ba ta a kemis saboda ƙurajen. Wannan magani yana sa fata ta kasa jure haske. Tambaya ɗaya ce, Hajiya, kuma babu wadda ta yi mata ita a gidanku. Tabarau na kare ido ma sau ɗaya aka ba ta, kuma da idona na ga wata ta tashi daga gadon jiƙe da gumi, aka goge da tawul busasshe aka ce ƙanwata ta hau.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba ɓoyayye ba ne. Tun 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan na'ura a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, rukuni ɗaya da taba sigari. A shekarar Brazil ta hana amfani da ita don kwalliya, daga baya Ostareliya ma ta hana kasuwancinta. Ku kuwa har yau tallanku yana yawo a Instagram da sunan maganin ƙuraje, amare na ta turo tambayar farashi.

Yanzu tana wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, tana shafa maganin ƙuraje mai suna benzoyl peroxide da man kare rana wanda ba shi da maiƙo. Likita ya ce sai an yi haƙurin mako shida zuwa takwas kafin a fara ganin sauƙi, tabon kuwa watanni zai ɗauka. An ɗaura aure an kai amarya da hoda mai kauri a fuska.

Ina neman ku sauke wannan talla, ku daina kwantar da masu ƙuraje a gadon, ku mayar min da kuɗina tare da abin da muka kashe a asibiti. Rasit ɗinku da takardar likita da hotunan fuskarta kafin da bayan suna hannuna. In ban ji daga gare ki ba nan da kwana 14, zan kai su hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da kuma NAFDAC.

Wassalam,
Yayar amarya,
Unguwar Rimi, Kaduna.