Amsa Ga Mai Tambayar Ko Na Taɓa Kwana Da Yunwa

Assalamu alaikum, Yallaɓai.

Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook bayan abin da na rubuta kan ƙuruciyata a Sakkwato. Wai ni da ke zaune Abuja ina shan iskar mota, na taɓa kwana da yunwa kuwa, ko dai tona asirin iyayena nake don a tafa mini? Kana da lambar wayata, amma ka zaɓi tsakiyar kasuwa. To, a nan zan amsa.

Zancen Abuja da mota bai kai a tsaya a kansa ba. Haya nake, motar kuma ta girmi ɗanka na fari.

Abin da ya sosa mini rai shi ne tona asirin nan. Wane asiri? Mahaifina majemi ne, kuma ba a ɓoye majema, tun daga nesa hanci ke shaida maka ka iso shiyarmu. Fatun jar akuya yake jiƙawa cikin ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma su cikin bagaruwa. Hannuwansa sun rine, haka aka yi masa wankan gawa da su. Dillalai su kwashe fatun zuwa Kano, daga can su haye Turai, mu a bar mu da warin. Inna kuwa dakau take yi wa gidajen masu hali. Dusar da aka bar mata take sake tankaɗewa ta tuƙa mana, da miyar kuka wadda ba ta ga mai ba, ta ce, "Ku ci wanga, shi Allah yab ba mu." Ni ke kai furarta bakin Hubbare, makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, inda baƙi masu ziyara ke sauka, sai ta ƙare in ruga makaranta. Makarantar ma ba don shirin karatun firamare kyauta na UPE na 1976 ba, da ban ga ƙofarta ba. A 1984 na bi layin sabulu da madara, soja na tsaye da bulala. Da shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, wato SAP, ya zo a 1986 shayin safe ya bar gidanmu, da ma na ranar Juma'a ne kawai.

Wanne a ciki ne abin kunya, Yallaɓai? Matar nan ba ta taɓa miƙa hannu a ƙofar kowa ba. Dattawan masallacin shiyarmu suna nan da ransu, je ka tambaye su ɗan wane ne ni. Sai dai ka tafi da ɗan jagora, don ban tuna ganinka a lungunmu ba, ko da a ce ɓatan hanya ka yi daga GRA, unguwar manya.

Na kuma lura tambayar ba ta taso ba sai da fastocinka na neman zaɓe suka fara bayyana a bango. Ikon Allah! Labarin ne ke ɓata muku hoto, saboda bai zama tarihi ba tukuna. Gulbin Rima na nan kusa, ga madatsar Goronyo, amma har yau 'ya'yan ƙannena wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa. Kwatar da na tsallaka ina yaro ita suke tsallakawa, da damina ta shigo musu ɗaki. Masu neman ƙuri'a kan zo da atamfa da taliya, a ɗauki hoto, sai kuma wani zaɓen.

In da gaske amsa kake so, ka zo a watan Afrilu, lokacin da zafi ke hana kwana cikin ɗaki. Ƙanena zai shimfiɗa maka tabarma a ƙofar gida. Kuɗin jarkar ruwan alwala kuwa kai za ka biya.

Ka huta lafiya.