Ba Ɗakin Gwaji Muke Jira Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci ƙwarai da maganar baƙon shirinku na ranar Asabar, wai ba za a iya koya wa 'yan lise ilimin lafiyar muhalli ba sai an gina ɗakunan gwaji. Mai gabatarwa kuma ya bar shi ya wuce, ko tambaya ɗaya babu!

Shekara 14 ke nan ina koyar da SVT, wato darasin kimiyyar halittu da ta ƙasa, a nan Yamai, ban taɓa samun ɗakin gwaji mai aiki ba. Bara da aka koma makaranta, na sa wani yaro ya ɗebo ruwan da ya kwanta bayan ajinmu. Muka zuba a kwalbar mayonez, muka ɗaure bakinta da ƙyallen tsohon gidan sauro. Kowace safiya sai su kewaye ta suna kallon tsutsotsi na wutsil-wutsil. Na nuna musu: wadda ta kwanta shimfiɗe a saman ruwa 'yar sauron anofel ce mai kawo palu, wato zazzaɓin cizon sauro, wadda ta rataye kai ƙasa ta sauron kwata ce. Kwanaki kaɗan sai ga sauro yana tashi cikin kwalba. Wata yarinya ta riƙe baki ta ce, "Mushe, ashe a ƙofar gidanmu muke kiwon ciwon?" Da yamma ita da ƙannenta suka cike ramin ruwan da ke ƙofar gidansu da yashi. Ko dala ban kashe ba.

Baƙon naku bai taɓa bi ta Gunti Yena, kwarin da ya ratsa Yamai, ba ne? Ruwan kwata na gangarawa kogin Isa, ana ban ruwan salati da shi, mu saya mu ci. Yaran Tibirin Maradi da sinadarin fulorin ruwan famfo ya lanƙwasa wa ƙasusuwa fa? Tun 2014 aka kafa dokar hana leda, amma ga ta nan ta toshe magudanai. A 2024 ambaliya ta sa ba mu koma aji ba sai 28 ga Oktoba. Duk yarana sun san waɗannan, lokaci kawai muke roƙo cikin jadawalin karatu, da izinin fita da su waje.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau shida na kira cikin shirin, yana ta ƙara babu mai ɗauka, kuma da ma lokacin ya ci karo da sallar magariba.

Naku,
Wani malamin SVT, unguwar Talaje, Yamai